Polis: mako uku a zauren da ba a mayar da martani

Wata huɗu muka yi muna jayayya a kan magana ɗaya. Ƙungiyarmu ta masu fassara da gyaran rubutu ce, mu 64, a warwatse muke a ƙasashe daban-daban, yawancinmu ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, zauren hira na waya shi ne ofishinmu. Maganar ita ce ko ƙungiya za ta yanke mafi ƙarancin kuɗin da ɗanta zai karɓa a kan aiki, ta kuma hukunta duk wanda ya karya. Ni ce sakatariya, don haka duk wanda ransa ya ɓaci ni yake kira. Wata rana na zauna na ƙirga saƙonnin mako guda, sai na tarar mutum tara ne suka rubuta kusan dukkansu. Sauran ko dai su ɗora alamar babban yatsa a ƙarƙashin maganar wani babba, ko su yi gum. Kuma na san da yawa cikin masu ɗora yatsan nan ba haka zuciyarsu take ba, domin su ne ke biyo ni ta gefe da dare suna cewa, "Anti, wallahi ban yarda ba, amma kin san shi yake turo min aiki."

A cikin wannan hali na gwada Polis. Manhaja ce ta jin ra'ayin jama'a wadda wasu mutum uku, Colin Megill da Christopher Small da Michael Bjorkegren, suka fara ginawa a birnin Seattle na Amurka wajen 2012, bayan zanga-zangar Occupy ta masu adawa da giɓin arziki da guguwar sauyin ƙasashen Larabawa sun nuna cewa intanet ta iya tara mutane amma ba ta iya jin abin da taron yake so ba. Yanzu wata ƙungiya da ba ta neman riba, Computational Democracy Project, ce ke kula da ita, kuma an saki lambobin da aka gina ta da su, duk mai iyawa zai ɗauka ya kafa tasa. Ba sai an sauke komai a waya ba. Mai shirya tattaunawa ya buɗe shafi, ya rubuta tambaya, ya tura wa mutane adireshin, shi ke nan.

Abin da mutum zai gani in ya buɗe ba shi da yawa. Jimla ɗaya ce za ta fito, gajeriya, ba ta wuce haruffa 140, a ƙarƙashinta maɓalli uku: na yarda, ban yarda ba, wuce. Ya danna ɗaya, wata ta fito. In yana da abin faɗa da bai gani ba, akwai akwatin da zai rubuta tasa, ita ma ta shiga layi sauran mutane su yi mata hukunci. Abin da babu shi ne wurin mayar da martani. Ba yadda za ka yi ka ce wa wane ya yi ƙarya, ko ka jawo maganarsa ka yi mata filla-filla a gaban mutane. Da gangan maginanta suka bar wannan gurbin babu komai.

A daren farko yatsana ya yi ta laluben inda zan amsa. Wani ya rubuta cewa ƙungiya ba uwar kowa ba ce, ba ta da hurumin shiga tsakanin mutum da neman halalinsa. Kafin na gama karantawa na riga na tsara amsa a kaina, sakin layi uku, har da misalai. Babu inda zan zuba ta. Na danna "ban yarda ba" da ƙarfi kamar wayar ce ta yi min laifi, wata jimla ta fito, na karanta, na manta da waccan. Sai daga baya na gane wannan mantuwar ita ce rabin amfanin manhajar. Magana zarar bunu ce. A zauren hira da zarar ka amsa wa mutum a gaban jama'a kun ɗaure kanku ku biyu, shi ba zai janye ba don kada a ce an kayar da shi, kai ma haka, kuma daga nan batun ya tashi daga kuɗin aiki ya koma na wa ya fi wa.

Abin da ke gudana a ciki lissafi ne zalla. Manhajar ba ta karanta ma'anar jimlolin wajen raba mutane, ƙuri'un take dubawa: wa ya yarda da me, wa ya ƙi me. Waɗanda hannunsu ke tafiya iri ɗaya sai ta matso da su kusa da juna a kan wata taswira har su zama rukuni, daga biyu zuwa biyar. Sai mutum ya yi hukunci a kan jimla bakwai aƙalla kafin a sa shi cikin lissafin. Wannan rashin karatun ya yi mana rana, domin da Hausa muka yi yawancin rubutun, wasu suka surka da Faransanci da Larabci, lissafin ko a jikinsa. Sannan akwai rahoto da ke jera jimlolin daga waɗanda suka fi haɗa kai zuwa waɗanda suka fi raba kai. A nan ne ta bambanta da ƙuri'ar jin ra'ayi da muka saba: jimlar da take ɗagawa sama ita ce wadda kowane rukuni ya karɓa, ko da rukunin ƙarami ne, rinjayen adadi kaɗai bai isa ba. Irin wannan dabarar ce Twitter ta ɗauko a tsarinta na gyaran bayanai da ta fara a 2021, wanda yanzu ake kira Community Notes, inda bayani ba ya fitowa sai mutanen da suka saba saɓa wa juna sun yarda da shi.

Ƙasar da ta fito da sunan Polis ita ce Taiwan. A watan Maris na 2014 ɗalibai suka mamaye majalisar dokokin ƙasar sama da mako uku saboda wata yarjejeniyar kasuwanci da ƙasar Sin da suke ganin ana son wucewa da ita cikin gaggawa. Da ƙura ta lafa, gwamnati ta haɗa kai da wasu 'yan sa kai masana kwamfuta da ake kira g0v, aka kafa dandalin vTaiwan na jin ra'ayin jama'a kan dokoki, wanda ya yi amfani da Polis. A 2015 aka kawo rigimar Uber da direbobin tasi. Da farko taswirar ta dare gida-gida, masu son Uber da masu son a kore ta. Da aka yi 'yan makonni sai jimlolin da suka haye kowane rukuni suka fara tasowa, irin su lafiyar fasinja da inshora da adalci tsakanin direbobin biyu, kuma a kan waɗannan aka zauna da kamfanin da wakilan direbobi da jami'an gwamnati. Audrey Tang, wadda ta jagoranci zaman, ta zama minista a 2016.

Tamu rigimar ba ta kama ƙafar wannan ba, amma abin da ya fito ya ishe ni tunani. Cikin mako uku mutum 51 suka shiga, aka tara jimla 70 da 'yan kai. Na sa wata jimla tun farko mai cewa "na haura shekara biyar a wannan sana'a", don in san irin mutanen da ke cikin kowane rukuni ba tare da na san sunan kowa ba. Taswirar ta fara da gida biyu kamar yadda kowa ya zata: tsofaffin hannu masu son a yanke ƙa'ida a kori mai karyawa, da sababbin shiga masu cewa a bar kowa ya ci kasuwarsa. A mako na biyu gida na uku ya ɓalle, kuma ba ƙarami ba ne: masu son a yi ƙa'idar amma kada a hukunta kowa a kanta. Wata huɗu ana rubutu a zaure, ko sau ɗaya ban ga an furta wannan ra'ayin ba, domin duk wanda ya faɗe shi zai sha duka daga hagu da dama. Sannan ga jimlar da ta sa na ajiye wayar na tashi tsaye. Wani ya rubuta, "Na taɓa karɓar aiki a ƙasa da kuɗin da nake faɗa a zaure." Gidajen uku duka suka yarda da ita da rinjaye, har da gidan masu cewa a kori mai karya farashi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san gwajin da masanin halayyar ɗan'adam Solomon Asch ya yi a Amurka a 1951. Ya zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a kan kati a ce wanne ya yi daidai da wanne a tsayi, tambayar da yaro zai amsa. Sai 'yan haɗin bakin su ba da amsar da kowa ke gani ba daidai ba ce, ɗaya bayan ɗaya, da babbar murya. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, suna kallon layin da idonsu. Da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a takarda, bin taron ya ragu ƙwarai. Haka ma da aka samu mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi gaskiya kafin layi ya zo kansa. In tsayin layi ya sa mutum ya ƙaryata idonsa, ina ga maganar da ta shafi wanda ke turo masa aiki? Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ƙuri'ar sirri ke nan. A Ingila da baki ake faɗin wanda aka zaɓa a bainar jama'a, mai gidan haya da mai masana'anta suna tsaye suna ji, har sai da aka yi dokar 1872, shekara 16 bayan yankunan Victoria da Kudancin Ostireliya sun fara a 1856. Polis ta ɗauko wannan labulen ne ta kafa shi a wurin muhawara, ba a wurin zaɓe kaɗai ba.

Ba kowa ya so labulen ba. Dattijon ƙungiyarmu, wanda da shi aka kafa ta, shi ya kira ni da kansa a kwana na uku.

"Sakatariya, na ga abin da kika turo. Ni ba zan shiga ba."

"Allah ya ba Malam haƙuri, ko akwai abin da kuka ga bai yi daidai ba?"

"Babu. Sai dai ni maganar da mutum ba zai iya faɗa da sunansa ba, ban ga dalilin da zai sa a ƙirga ta ba. Wannan kuɗin da za ku yanke, a kan wasu zai hau. In ƙuri'ata za ta hana wani yaro aiki, yana da haƙƙin ya san ni ne, ya zo ya tambaye ni dalili."

Na ce, "Malam, ku kuna da bakin faɗa. Yaran fa?"

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To ki koya musu su faɗa, 'yata. Wannan ɓuya kike koya musu."

Na ajiye wayar ina jin haushi, irin haushin da mutum ke ji in an faɗa masa abin da ba shi da amsarsa a take. Kuma Malam bai san ya yi tarayya da John Stuart Mill ba, mutumin da Turawa ke kafa hujja da shi in ana maganar 'yancin mutum a kan kansa. Shi kansa Mill ya ƙi ƙuri'ar sirri a 1861. Hujjarsa ita ce ƙuri'a iko ce da kake riƙe da shi a kan wasu, amana ce, kuma amanar jama'a a gaban jama'a ya kamata a sauke ta. Har yau akwai inda ake bin wannan. A jihohi biyu na Suwizalan, Glarus da Appenzell Innerrhoden, sau ɗaya a shekara masu zaɓe ke taruwa a fili su yanke dokoki da ɗaga hannu, maƙwabci na ganin maƙwabci. Abin da wannan ke haifarwa ba iri ɗaya ba ne. A Appenzell Innerrhoden maza sun yi ta ɗaga hannu suna hana mata ƙuri'a har 1990, sai kotun tarayya ce ta tilasta musu. A Glarus kuwa, da irin wannan ɗaga hannun aka sauko da shekarun zaɓe zuwa 16 a 2007, kafin kowace jiha a ƙasar. Idon jama'a yana iya danne mutum, yana kuma iya sa shi jin kunyar son zuciyarsa, kuma ban san wata manhaja da za ta tace ɗaya ta bar ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna dai a kaina ya faru. Na shiga wannan aiki ina cikin masu cewa a hukunta, kuma ina ganin wannan ra'ayina ne na kaina, wanda na kai gare shi da hankalina. A kwana na shida wata jimla ta fito min: "Mai kwastomomin shekara goma zai iya cewa a'a. Ni in na ce a'a, babu na biyu." Ban iya danna "ban yarda ba" ba, ban kuma so in danna "na yarda" ba, sai na wuce. Amma ta kwana da ni. Na tuna shekarata ta farko a sana'ar, da irin kuɗin da na karɓa a lokacin waɗanda ko a mafarki ba zan faɗa a zaure ba. Da na bi diddigin ra'ayin nawa sai na ga daga bakin mutum uku na kwaso shi, waɗanda nake yawan hira da su, dukkansu tsofaffin hannu. Zama da maɗaukin kanwa. Wato sirrin da manhajar ta ba ni bai mayar da ni wata ni ta asali da ke zaune ita kaɗai da ra'ayinta ba. Abin da ya yi shi ne ya canja min maƙwabta na ɗan lokaci, ya sa na ji muryar wanda a zaure ba zan taɓa ji ba, kuma ban san fuskarsa ba balle in raina shi. Ra'ayin da na fito da shi ma daga mutane na samo shi, sai dai wannan karon na ji daga ɓangarori da yawa kafin na zaɓa.

Sunan manhajar ma a nan ya dosa. Polis a Girkanci shi ne birni, wato jama'ar da ke tafiyar da al'amuranta da kanta, kuma daga kalmar Aristotil ya ce ɗan'adam halitta ce ta zaman birni, wanda ya iya rayuwa ba tare da jama'a ba ko dai dabba ne ko ya wuce matsayin mutum. Ibn Khaldun ya maimaita maganar a 1377 da misalin da ya fi sauƙi: ko abincin yini ɗaya mutum ba zai samar shi kaɗai ba sai da aikin maƙeri da kafinta da maginin tukwane. Mai fassara ma haka. Kuɗin da na karɓa yau shi zai zama ma'aunin da za a gwada wa wani gobe, ko na sani ko ban sani ba. Shi ya sa "a bar kowa ya ci kasuwarsa" ba ta gamsar da ni ba ko bayan na sauka daga kan hukunci.

Sai inda na ga rauni. Mafi girmansa yana hannun mai shiryawa, wato ni. Ni na rubuta tambayar, ni na zuba jimloli goma sha biyu na farko don kada mutane su tarar da shafi fayau, kuma tun da su suka riga kowa zuwa, su suka fi tara ƙuri'a, su suka shata wa muhawarar iyaka. Sannan manhajar tana ba mai shiryawa ikon tace jimloli, har da zaɓin kada wata ta fito sai ya amince. Na kunna wannan, kuma da dalili: wasu na maimaita abin da aka riga aka faɗa, wasu na ambaton sunan mutane. Amma akwai wadda ta ce shugabannin ƙungiya ne ke raba wa junansu manyan ayyuka. Ba ta ambaci suna ba, ba ta karya wata ƙa'ida ba, ni ce dai ta sosa. Kwana biyu na riƙe ta ina gaya wa kaina ina nazari. Da na sake ta, mutane da yawa sun riga sun gama nasu sun tafi. Laifin nawa ne, ba na manhajar ba, amma duk mai niyyar amfani da ita ya sani cewa taron da kowa ke ganin babu shugaba a cikinsa yana da mai gadin ƙofa, kuma masu ƙuri'a ba sa ganin abin da ya tsare.

Na biyu, neman abin da kowa ya yarda da shi yana ba magana mai laushi fifiko. Jimlar da ta fi kowace samun karɓuwa a wurinmu ita ce "ya kamata a girmama aikin mai fassara". To wa zai ce a'a? Irin waɗannan sun cika saman rahoton, sai mai karatu ya tone kafin ya kai ga masu nama. Haruffa 140 kuma suna isa a faɗi matsaya, ba sa isa a faɗi dalili, kuma wani ra'ayin sai da dalilinsa yake tsayuwa. In ka gutsure shi ya zama abin dariya. Akwai wata da ta so ta bayyana cewa ƙa'ida ɗaya ba za ta yi wa harsuna masu yawan kasuwa da marasa kasuwa daidai ba. Sai da ta raba maganar gida uku, kowane yanki ya fito wa mutane shi kaɗai a lokaci daban, babu wanda ya ga zaren. Na san wannan ne don ita ta faɗa min. Sannan in an bar shiga ba tare da tantance mutum ba, kamar yadda muka yi, babu abin da zai hana mai son zuciya ya yi ƙuri'a a waya ya sake yi a kwamfuta. A ƙungiya irin tamu amana ta rufe wannan. In da kujera ko kuɗi ake rabawa, ba zan dogara da amana ba.

Kuma Polis ba ta yanke hukunci. Taswira take miƙa maka ta koma gefe. Ko a Taiwan doka ba ta tilasta wa gwamnati bin abin da vTaiwan ya fitar ba. A 2016 an yi irin wannan zama a kan sayar da barasa ta intanet, aka samu matsaya, aka rubuta ƙudurin doka, sai gwamnati ta canja hannu, ƙudurin ya kwanta. Mu ma da muka rufe shafin sai da muka koma inda muka gudo, taro na bidiyo, kowa da sunansa a ƙarƙashin fuskarsa.

Mutum 40 da wani abu suka halarta, adadin da ba mu taɓa samu ba. Na raba allo na bi rahoton daga sama. Da na zo kan jimlar nan ta karɓar aiki a ƙasa da abin da ake faɗa, na karanta ta, na nuna yadda kowane gida ya yarda da ita. Wurin ya yi tsit. Kowa na kallon ƙananan hotunan sauran yana lissafi a ransa. Na yi niyyar wucewa, sai na ga Malam ya buɗe makirufonsa.

"Sakatariya, ni ban shiga na'urarku ba. Amma ki ƙara ɗaya a kan adadin nan. Bara na yi, sau biyu."

Wani ya yi dariya, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Sai wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ce, "Baba, ni wata uku ke nan a haka nake aiki." Daga nan aka ɓarke. Abin da mutum talatin da wani abu suka danna a ɓoye ya kwana goma a rahoto bai motsa kowa ba sai ni. Da mutum ɗaya ya faɗe shi da bakinsa, cikin minti biyar taron ya zama wani taro. Sai dai ban yi zaton Malam zai faɗa ba in da ba a riga an ɗora adadin a allo ba, kuma ban tambaye shi ba.

Abin da aka yanke na gida na uku ne da ɗan gyara. Za a riƙa fitar da ƙa'idar kuɗi kowace shekara, daban-daban bisa harshe da irin aiki. Ba a korar kowa. Wanda ya karɓi aiki a ƙasa da ita zai rubuta adadin a wani kundi da ba a sa suna, don a san inda kasuwa take da gaske. Tsofaffin hannu kuma kowa zai miƙa wa sabon shiga aiki aƙalla ɗaya a wata uku. Da ɗaga hannu aka amince, ba da manhaja ba. Mutum biyu daga masu son hukunci suka fita daga ƙungiyar a makon, ɗayansu ya rubuto min cewa mun mayar da ƙungiya wurin shan hira. Ban ga laifinsa sosai ba, ƙa'idar da babu bulala a bayanta sai an ga yadda za ta yi.

Ga wanda ke tunanin gwadawa: in ku goma ne ko sha biyar, ku zauna ku yi magana, taswirar ba za ta nuna muku abin da ba ku sani ba. In kun kai hamsin zuwa sama, kuma akwai waɗanda bakinsu ya yi nauyi saboda wanda ke sauraro, ta cancanci wahalar. A wata mai zuwa za mu buɗe wani shafin a kan batun fassarar na'ura, wanda na san ya fi wannan zafi. Wannan karon mu uku ne za mu yi tacewa, ɗaya daga kowane gida, duk jimlar da aka ƙi za a liƙa ta a zaure da dalilin ƙin ta, kwana goma kawai za a yi, kuma an sa ranar taron baki da baki tun kafin a tura adireshin. Malam ya ce har yanzu ba zai shiga ba, amma a tura masa rahoton kwana biyu kafin taro, da manyan haruffa.